An kai ni kotu saboda maganar rijiya: ƙarar takunkumi da yadda talaka zai tsaya mata

Tambaya

Ni tela ne a wani gari kusa da Garwa, kuma ni ne sakataren ƙungiyar matasan unguwarmu. An ba wani ɗan kwangila aikin rijiyar burtsatse a unguwar, aka kafa allo, aka haƙa rami, aka kwashe kayan aiki aka tafi. Shekara guda ke nan ko ɗigon ruwa babu. Na rubuta a zauren WhatsApp na unguwa da shafina na Facebook cewa an ci kuɗin rijiya, na sa sunan kamfanin. Yanzu an kawo mini takarda wai na ɓata masa suna, yana neman diyyar sefa miliyan 20. Mutumin da ya san ban taɓa riƙe miliyan ɗaya ba, me yake nema a wurina? Kuma me ya kamata in yi?

Amsa

Malam, Allah ya kawo sauƙi. Miliyan 20 ɗin nan ba don a karɓa aka rubuta ta ba. Tun 2023 mafi ƙarancin albashi a kamfanonin Kamaru sefa 60,000 ne a wata, na aikin gona kuma 45,000. In ka raba miliyan 20 da 60,000 za ka samu wata 333, wato kusan shekara 28 mutum yana aiki bai ci ba bai sha ba. Lauyan da ya rubuta adadin ya san ko an sayar da kekenka na ɗinki da shagon gaba ɗaya ba za a tara kashi ɗaya cikin ashirin ba. An rubuta shi ne don ka karanta barci ya ƙaurace maka, sannan sauran mutanen zauren su ji labari kowa ya kama bakinsa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, kuma wannan ganin shi ake saye da kuɗin lauya.

Irin wannan ƙara tana da suna. Masu Faransanci suna ce mata procédure-bâillon, wato ƙarar ɗaure baki, a Amurka kuma SLAPP, sunan da malamai biyu na jami'ar Denba, George Pring da Penelope Canan, suka raɗa mata a shekarun 1980 bayan sun bi diddigin yadda manyan 'yan kasuwa ke maka mazauna unguwanni a kotu don sun yi ƙorafi ga hukuma. Da Hausa ƙarar takunkumi ta fi dacewa da ita. Ana gane ta da alamomi: maganar da ta jawo ta magana ce ta jama'a, kamar ruwa ko fili ko kuɗin gwamnati, diyyar da ake nema ta fi ƙarfin wanda ake ƙara nesa ba kusa ba, an bar ƙungiya an kama mutum ɗaya, galibi wanda ya fi rauni ko ya fi baki, kuma mai ƙarar ba ya gaggawar a yanke hukunci. Wannan ta ƙarshe ita ce babba. Wanda aka ɓata wa suna da gaske so yake alƙali ya wanke shi gobe. Mai takunkumi kuwa so yake shari'ar ta yi ta tafiya.

Kada ka ɗauka duk ƙarar ɓata suna zalunci ce. Mutunci abu ne mai tsada, ɗan kwangila ma yana da nasa, kuma akwai masu ƙaga wa mutane ƙarya a Facebook da suka cancanci a ja su gaban alƙali. Zan kuma faɗa maka tun yanzu cewa a cikin rubutunka akwai kalmar da za ta ba ka wahala. Za mu zo kanta.

Dokar da za a kama ka da ita ɗaya ce cikin uku, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko sashe na 305 na kundin hukunta laifuka, wanda aka sabunta a 2016: ɓata suna, ɗaurin kwana 6 zuwa wata 6, tarar sefa 5,000 zuwa miliyan 2, ko ɗaya daga cikinsu. A wannan sashe ba a tuhumar mutum sai wanda aka ɓata wa suna ya kai ƙara da kansa, in ya janye kafin hukunci na ƙarshe maganar ta mutu, wa'adin kai ƙarar kuma wata 4 ne. Ana rage hukuncin da rabi in ba a bainar jama'a aka yi maganar ba, ana ninka shi in an ɓoye suna aka yi, abin da masu buɗe shafin bogi ba su sani ba. Gaskiyar magana kariya ce, sai a wurare uku: in ta shafi rayuwar mutum ta cikin gida, in abin ya wuce shekara 10, ko in laifi ne da aka yi wa afuwa. Ta biyu sashe na 154, cin mutuncin hukuma ko ma'aikacin gwamnati, wata 3 zuwa shekara 3. Wannan zai shigo ne in rubutunka ya taɓa magajin gari ko injiniyan gwamnati da ya sa hannu a kan aikin. Ta uku ita ce mai dafi: sashe na 78 na dokar laifukan intanet ta Disamban 2010, wanda ya ce duk wanda ya yaɗa labari ta hanyar sadarwar zamani ba tare da ya iya kawo hujjar gaskiyarsa ba, ko hujjar cewa yana da kyakkyawan dalilin yarda da shi, ɗaurin wata 6 zuwa shekara 2 ne da tarar miliyan 5 zuwa miliyan 10, ko ɗaya daga ciki. Maganar da in ka faɗe ta a majalisar mai shayi tararta za ta iya farawa daga jaka biyar, in ka rubuta ta a waya sai ta fara daga miliyan biyar. Don haka abu na farko da za ka nema a takardar da ke hannunka shi ne lambar sashen da aka ambata.

A nan ne tazarar mai shi da marar shi take shigowa, kuma ba sai an ba alƙali ko sisi ba. Dokar ɗaya ce a takarda, amma farashinta ya bambanta. Ka ɗauki ranar zaman kotu. Kai wanda ake tuhuma galibi sai ka zo da ƙafarka. Mai ƙara lauyansa ya isa ya wakilce shi. Ka rufe shago, ka biya kuɗin mota, ka isa tun takwas na safe, ka duba sunanka a jerin shari'o'in da aka manna a allo, ka zauna a benci har rana ta take. A kira ka, ka miƙe, wani matashin lauya da ubangidansa ya aiko ya ce suna neman a ɗage don shaidunsu ba su samu zuwa ba. Minti biyu. Alƙali ya ba da wata rana nan da wata guda. Ka koma gida da la'asar ka tarar mai ɗinkin biki ya zo ya karɓe yadinsa. Shi ɗan kwangilar yana ofis ko yana Duwala, wataƙila bai ma san yau aka zauna ba, lauyan kuma dama a kan albashin wata yake. A maimaita wannan sau goma sha biyar, musamman in wasu zaman sun faɗo cikin azumi lokacin ɗinkin Sallah, an riga an hukunta ka ko da a ƙarshe an wanke ka.

Wannan ba zato ba ne. Musa Usman Ndamba, mataimakin shugaban ƙungiyar Mbororo ta MBOSCUDA, wani hamshaƙin attajiri mai manyan garken shanu ya kai shi ƙarar ɓata suna a Bamenda. An ɗage shari'ar fiye da sau 50 cikin shekaru kusan biyar, kafin a yanke masa ɗaurin wata 6 da tarar sefa 500,000 a Mayun 2018. Ɗan jarida Paul Chouta an kama shi a Mayun 2019 kan ƙarar ɓata suna, ya yi kusan shekara biyu a gidan yarin Kondengi na Yawunde yana jiran hukunci, da aka yanke masa wata 23 a Mayun 2021 ya riga ya gama cinye su a tsare. Nasako Besingi, wanda ya tsaya wa manoman yankin Mundemba kan shirin kamfanin Herakles Farms na karɓar kadada kusan 73,000 don noman kwakwar manja, an same shi da laifin ɓata suna a Nuwamban 2015 aka ci shi tarar miliyan ɗaya. Ko a ƙetaren kogi, a Injamena, an yanke wa Martin Inoua Doulguet na jaridar Salam Info ɗaurin shekara 3 a Satumban 2019 a shari'ar da ta faro daga ƙarar ɓata suna, duk da cewa dokar 'yan jarida ta Cadi ta 2010 ta cire ɗauri a kan wannan laifi. Sai aka sauya wa tuhumar suna, bai fito ba sai a 2020 bayan ɗaukaka ƙara. Mutanenmu da yawa in an yi irin wannan zance sai su tuna Ahmed Abba na sashen Hausa na RFI da aka kama a Marwa a 2015. Tasa daban ce, gwamnati ce ta gurfanar da shi a kotun soja da dokar ta'addanci. Taka ƙarar mutum ce da mutum, kuma tana da ƙofofin fita da tasa ba ta da su.

A arewa nauyin ya fi yawa saboda dalilan da kowa ya sani. Binciken hukumar ƙididdiga ta ƙasa na 2021 zuwa 2022 ya sa layin talauci a sefa 813 a rana ga mutum ɗaya. A faɗin Kamaru kashi 37.7 cikin ɗari ne ke ƙasa da layin, amma a jihar Arewa Mai Nisa kusan kashi 69 ne, a jihar Arewa kusan 61, alhali a Duwala bai kai kashi 10 ba. Yawancin lauyoyin ƙasar a Duwala da Yawunde suke zaune. Da Faransanci ake shari'ar, wanda ake tuhuma kuwa da Hausa ko Fillanci ya yi maganar, wani ne ya fassara wa kotu, kuma fassarar "an ci kuɗin" za ta iya fitowa da nauyin da mai maganar bai nufa ba. Tara kuma ba ta duban aljihu: miliyan 5 ga ɗan kwangila ribar aiki ɗaya ce ko ƙasa da haka, ga mai albashin 60,000 kuwa albashin kusan shekara bakwai ne.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne igiyar tana ja ta gefe biyu. Tazarar ce ke sa ƙarar ta yi wa mai kuɗi arha, shirun da ƙarar ke sayowa kuma shi ke ƙara faɗaɗa tazarar. Rijiyar unguwa, ajin makaranta, ɗakin shan magani, takin da ake rabawa manoma, su ne kason talaka a dukiyar ƙasa, ba shi da wani. Mai hali yana da burtsatse a tsakar gidansa, 'ya'yansa suna makarantar kuɗi. Duk rijiyar da aka biya ba ta ba da ruwa ba, kuɗin gidaje ɗari ne ya koma aljihu ɗaya, gidajen kuma su ci gaba da sayen jarka wurin mai ruwa kullum, 'yan mata su ci gaba da makara a makaranta saboda layin famfon wata unguwa. In wanda ya fara magana ya sha wahalar shekara biyu, aikin da za a yi baɗi babu mai ɗaga kai ya dubi allonsa. Gidajen rediyo da ƙananan jaridu su ma ba su da ƙarfin shiga, don tallan da suke rayuwa da shi daga hannun irin waɗannan mutane yake fitowa. A ganina wannan ce asarar da ta fi miliyan 20, sai dai ba ta fitowa a takardar kowace kotu.

To, yanzu aikin da ke gabanka. Ka fara gane wace takarda ce, don iri uku ne kuma mutane suna cakuɗa su. In wasiƙa ce da wisiye, wato ma'aikacin da ke kai sammaci, ya kawo mai taken sommation ko mise en demeure, tana cewa ka janye cikin kwana kaza ko a kai ka kotu, to ba a kai ka ba tukuna, barazana ce, kuma lokacin sulhu ne mafi arha. In convocation ce daga birgad ɗin jandarma ko komisariya, an kai ƙara ana bincike. In citation directe ce mai ɗauke da sunan kotu da rana da sa'a, an tsallake bincike an kai ka gaban alƙali kai tsaye. Ko wacce ce, ka rubuta ranar da aka ba ka a bayanta, ka yi kwafi uku, kada asalin ya bar hannunka. Ƙin karɓar takarda daga wisiye ba ya hana komai; zai rubuta cewa ka ƙi, ko ya ajiye ta wurin mai unguwa ko a ofishin magajin gari, agogo ya ci gaba da tafiya ba ka sani ba.

In ta kotu ce, ka ɗauka kwana biyar kake da su. Dokar sadarwa ta Disamban 1990 ta ba wanda ake tuhuma da ɓata suna kwana biyar bayan sammaci ya sanar da ɗaya ɓangaren abubuwan da zai tabbatar, da kwafin takardunsa, da sunayen shaidunsa da sana'arsu da inda suke zaune, in ya makara haƙƙin kawo hujjar ya faɗi. Lauyoyi za su iya jayayya kan ko dokar ta hau kan rubutun Facebook, amma kai kada ka sa kanka a wannan caca. Mutane da yawa da ke da gaskiya a hannu a nan suke faɗuwa, sun tsaya jiran ranar zama su zo da hotuna a waya.

Hujjar kuwa sai an rarraba maganarka gida uku. "Rijiyar ba ta ba da ruwa ba shekara guda" abu ne da ido ke gani. Ka ɗauki hoton allon aikin tun ba a cire shi ba, don a kansa ake rubuta sunan kamfani da inda kuɗin ya fito da wa'adin kammalawa. Ku biya wisiye ya zo ya ga ramin ya rubuta constat, wato rahoton abin da ya gani da idonsa; takardarsa ɗaya ta fi hoto hamsin nauyi a gaban alƙali. Ku samu shaidu uku ko huɗu masu zaman kansu, irin su mai unguwa ko limami ko shugabar mata, waɗanda ba za su gudu ba in an kira su. "An ci kuɗin" kuwa, ita ce kalmar da na ce za ta ba ka wahala, don tana nufin an biya kamfanin kuma bai yi aikin ba. In ashe ba a biya shi ba, wanda yana faruwa sosai a ayyukan gwamnati, ɗan kwangila ya yi rabin aiki da kuɗinsa ya tsaya jiran baitulmali, to ka faɗi abin da ba za ka iya tabbatarwa ba. Saboda haka ƙungiya ta rubuta wa magajin gari da su-furefe, wato wakilin gwamnati a gundumarku, wasiƙa tana tambaya ko an karɓi aikin a hukumance da takardar réception, ko an biya, nawa aka biya. A kai kwafi biyu a buga wa ɗaya hatimin karɓa a dawo da shi. In an sa hannu cewa an karɓi rijiya alhali rami ne busasshe, shari'ar ta juya, kuma mai ƙara ya fi kowa sanin haka. Gida na uku shi ne zagi, irin su ɓarawo, azzalumi, ɗan kaza. Zagi laifi ne mai zaman kansa a sashe na 307, kuma ba a kare shi da cewa gaskiya ne. Ka roƙi 'yan zauren su daina. Duk ashar da wani zai yi don nuna maka goyon baya, lauyan can yana ɗaukar hotonta yana ƙarawa a fayil.

Kada ka goge rubutunka kafin ka ɗauki hotonsa gaba ɗaya da kwanan wata da abin da ya gabace shi. Su suna da nasu kwafin, kuma za su iya kawo layi ɗaya su bar sauran. Bayan ka adana, sauke shi ko barinsa shawarar lauya ce. Abin da ba shawara a kansa shi ne ƙara sabon rubutu cikin fushi.

In jandarma ne suka kira ka, ka je, amma da safe, kuma in da hali ba ranar Juma'a ba. Dokar shari'ar laifuka ta 2005 ta ce tsarewar bincike, wato garde à vue, awa 48 ce, ana sabunta ta sau ɗaya, ƙari a kan haka sai da rubutaccen izinin purokire, wato mai gabatar da ƙara na gwamnati. Ba a fara ta ranar Asabar ko Lahadi ko ranar hutu sai a laifin da aka kama mutum dumu-dumu, amma in an fara ta ranar Juma'a za ta iya cinye ƙarshen mako. Masu kai ƙara sun san wannan sarai. Dokar ta kuma ce mai sanannen mazauni ba a tsare shi haka kawai, sai a babban laifi ko laifin da aka kama shi dumu-dumu, kuma akwai ƙwararan alamu a kansa, don haka ka tafi da katin ɗan ƙasa da mutum biyu masu mutunci da za su tsaya maka. Kana da ikon yin shiru da ikon neman lauya, kuma wajibi ne a gaya maka haka. Kada ka sa hannu a kan bayanin da aka rubuta da Faransanci sai an karanta maka shi layi-layi da harshen da kake ji. In an rubuta abin da ba ka faɗa ba, ka ce a gyara kafin biro ya taɓa takarda. In tsarewar ta wuce ƙa'ida, lauya yana iya kai buƙatar a sake ka nan take gaban shugaban babbar kotu.

Maganar lauya: ka samu, ko da na zama ɗaya ne don ya karanta takardar ya tsara sanarwar hujja. Ku yi yarjejeniya a rubuce, kuma ka nemi kuɗin shari'ar gaba ɗaya a dunƙule maimakon biya a kowane zama, don in kowane zama ne to ɗage-ɗagen da ake yi maka da gangan kai za ka riƙa biyansu. Akwai dokar taimakon shari'a ta Afrilun 2009 da ta kafa kwamiti a kotuna don ɗauke wa marasa hali kuɗin shari'a. Ana nema a rubuce tare da takardar shaidar rashin hali daga ofishin magajin gari. Tana tafiyar hawainiya, shi ya sa ake shigar da ita tun makon farko ba tare da an zauna jiranta ba. Kuɗin kuma kada ya fito daga aljihunka kai kaɗai. Da sunan unguwa ka yi magana. Gida ɗari in kowanne ya ba da 500 a wata an samu 50,000, kuma benci cike da mutanen unguwa a kowane zama yana gaya wa mai ƙara cewa lissafinsa na ware mutum ɗaya bai fita ba.

A kotun, duk wani ƙorafi kan tsari, kamar wa'adi ya wuce, ko sammacin bai fayyace kalmomin da ake tuhuma ba, ko ba wannan kotu ce ke da hurumi ba, ana gabatar da shi ne tun farko kafin a shiga gundarin magana. In an shiga, an makara. Na hurumin yana da muhimmanci, don da rubutun intanet mai ƙara zai iya cewa a Yawunde aka karanta, ya ja ka can, kuɗin mota zuwa Gaundare da na jirgin ƙasa kaɗai su karya ka. Kada ka fasa zama ko ɗaya, don in ba ka nan za a iya yanke hukunci a bayan idonka. Duk ranar da ɓangarensu ya nemi ɗagewa, lauyanka ya sa a rubuta cewa su suka nema. Jerin nan zai yi amfani in an wanke ka kana neman diyyar ƙarar cin zali a ƙarƙashin sashe na 1382 na kundin dokokin farar hula. Ranar hukunci kuma ku je da kuɗi a hannu. Tara da kuɗin kotu ana neman su nan take, wanda bai biya ba ana iya wucewa da shi gidan yari a madadinsu, abin da ake kira contrainte par corps, daga kwana 20 har shekara 5 gwargwadon yawan kuɗin. 'Yan ƙasa da shekara 18 da waɗanda suka haura 60 da masu juna biyu ne kawai aka ɗauke wa. Mai kuɗi bai taɓa kwana a kurkuku don wannan ba. Ɗaukaka ƙara kwana 10 ne, a kotun ɗaukaka ƙara ta Garwa taka za ta je, kuma akwai kuɗin kwafin fayil da in ba a biya a kan lokaci ba ɗaukakawar ta faɗi.

A wasu ƙasashe an gane cewa tsawon shari'ar shi ne makamin, sai aka yi doka ta yanke shi. Tun 1992 a jihar Kalifoniya wanda aka kai ƙara kan maganar jama'a yana iya neman alƙali ya duba tun farko. In mai ƙara bai nuna alamar zai yi nasara ba a kori ƙarar, ya kuma biya kuɗin lauyan wanda ya ja. Tarayyar Turai ta yi tata a Afrilun 2024, bayan kisan 'yar jaridar Malta Daphne Caruana Galizia a 2017, wadda ta mutu da ƙararrakin ɓata suna fiye da 40 a kanta. Kotun tsarin mulkin Afirka ta Kudu ta amince a Nuwamban 2022 cewa wanda kamfani ya kai ƙara zai iya kare kansa da cewa ƙarar takunkumi ce. Ko rukunin kamfanonin Bolloré da ya nemi Yuro miliyan 50, kusan sefa biliyan 33, daga gidan talabijin na France 2 kan rahoton 2016 da ya taɓo gonakin kwakwar manja na Kamaru, ya faɗi a kotun Faransa, har aka ci shi Yuro 10,000 na ƙarar cin zali. Kamaru ba ta da irin wannan doka. Abin da lauyanka zai iya jingina da shi shi ne hukuncin kotun Afirka ta haƙƙin ɗan Adam na Disamban 2014 a shari'ar Lohé Issa Konaté da Burkina Faso, wanda ya ce ɗaure mutum don ɓata suna ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki. Hujja ce da za a karanta wa alƙali. Kai da kanka ba za ka iya kai ƙara can kai tsaye ba, don Kamaru ba ta buɗe wa ɗaiɗaikun mutane wannan ƙofa ba.

Saura sulhu, kuma ba abin kunya ba ne. Tunda janyewar mai ƙara tana kashe tuhumar sashe na 305, zaman da za a yi a fadar Lamiɗo ko gaban Sarkin Hausawa ko limamin Juma'a zai iya gama abin da kotu za ta yi shekara biyu tana ja. Sai dai in purokire ne da kansa ya ɗora sashe na 78, janyewar ɗan kwangila ba lalle ta rufe fayil ɗin ba, don haka a tabbatar da wannan kafin a sha fatiha. A zaman, ka yarda ka gyara kalmar da ba ka da hujjarta, ka ce ba ka da tabbacin an biya shi. Kada ka yarda ka ce rijiyar tana ba da ruwa, kada ka sa hannu a takardar da ta hana ka ko ƙungiyarku sake maganar aikin, kada kuma ka rubuta cewa ƙarya ka yi, don wannan takarda ce da za a iya kai wa kotu gobe a matsayin amsa laifi. Abu biyu ne za su shiga yarjejeniyar a rubuce da shaidu: ranar da zai dawo da ma'aikata bakin ramin, da takardar janye ƙara. Ita takardar janyewar ba a barinta a aljihun lauyansa. A kai ta ofishin magatakardan kotu, a buga hatimi a kan kwafinka, kuma ka halarci zama na gaba don ka ji da kunnenka alƙali ya rufe shari'ar.